Tsohon Soja a Bencin Baya: Tunawa da 'Yan Bama na Potiskum

A shirye-shiryen da suka wuce mun yi ta bin labarin mutanen da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Yau kuwa za mu dawo gida, mu tuna da waɗansu iyayenmu da muka gani da idonmu, muka ci tuwo a gidajensu. Muna nufin tsofaffin sojojin nan da suka je yaƙin duniya na biyu suka komo, suka zauna a garuruwa irin su Potiskum, suka kama sana'a, suka yi iyali, suka riƙe bangaskiya har ranar mutuwarsu. 'Yan Bama ake ce da su. Yaran yanzu in sun ji haka sai su zaci Bama ta jihar Borno ake nufi. A'a, wata ƙasa ce can gabas da Indiya, wadda Turawa suke kira Burma, yanzu kuma sunanta Myanmar.

Akwai ɗaya daga cikinsu da muka fi sani. Ba za mu ambaci sunansa ba, gama 'ya'yansa da jikokinsa suna nan da rai, shi kansa kuma bai taɓa son a ɗaga shi ba. Baba Saje kowa yake ce masa, har fasto. Dattijon ikkilisiya ne, yana da wurin zama a gaba tare da sauran dattawa, amma ba ya zama a can. Kullum bencin baya yake zama, kusa da ƙofa, bayansa na jingine da bango. Muna yara muna tsammani don ya kama masu surutu ne, yana kuwa kama su. Sai da muka girma muka gane cewa mutumin da aka taɓa yi wa kwanton ɓauna a daji ba ya sake yarda ya ba ƙofa baya.

Bari mu koma farkon al'amarin. Yaƙin ya tashi a Turai a watan Satumba na 1939. Nijeriya a lokacin tana hannun Ingila, saboda haka yaƙin Ingila ya zama namu, ko mun so ko mun ƙi. Rundunar da Lugga ya kafa tun 1897 ƙarama ce, sai aka shiga neman mutane. An bi ta hannun sarakuna da hakimai, aka ce kowace ƙasa ta kawo samari. Waɗansu sun shiga da son ransu, don kuɗi, ko don kaki, ko don su tsere wa haraji da wahalar gona. Waɗansu kuwa dagaci ne kawai ya nuna su da yatsa. Hausa ce harshen bariki tun daga farko, don haka yaron da ya fito daga ƙasar Ngas, ko Bura, ko Bachama, ko Tangale, ko Karekare, da Hausa yake karɓar umarni, da ita kuma yake hira da ɗan'uwansa soja.

Wani abu ya faru kafin yaƙin wanda ya shafi labarinmu ƙwarai. A shekarar 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na fari, aikin da Likita Mila na Wusasa ya ba da shekaru masu yawa na ransa a kai tare da abokan aikinsa. Wato sa'ad da yaƙin ya tashi littafin bai wuce shekara bakwai a hannun mutane ba. Samarin da suka koyi karatu a azuzuwan mishan suna ɗokinsa. Su ne kuma sojan ya fi bukata, domin yaƙin zamani yana son mai iya karatu: direba, da malamin asibiti, da mai aika saƙo ta waya, da akawun sito. Ta haka yaran mishan da yawa suka sami kansu cikin kaki, kowa da littafinsa a ƙasan jaka. Baba Saje yana cikinsu. A soja ya koyi tuƙi, a soja kuma ya koyi kwance inji ya ɗaura.

Da fari an kai sojojin Nijeriya gabashin Afirka. A 1941 suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha. Sa'an nan Japan ta mamaye Bama a 1942, ta iso har bakin iyakar Indiya. Manyan sojan Ingila suka ce mutanen Afirka ta Yamma ai sun saba da kurmi, su za a kai. Wannan magana tana ba mu dariya. Wane kurmi ɗan Fika ko ɗan Gashuwa ya sani? Mutumin da ya tashi cikin ƙaya da rairayi, wanda ruwan sama na wata uku ya ishe shi shekara, shi aka jefa ƙasar da ruwa yake zuba kamar da bakin ƙwarya wata da watanni. Aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 aka kwashe a jiragen ruwa zuwa can, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya ne.

Runduna ta 81 ita ta fara shiga, ta bi kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Babu hanyar mota, sai wadda suka sara da hannunsu a jikin duwatsu. Abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima. Abin da ya faɗo kuwa a kā ake ɗaukarsa, gama akwai dubban 'yan dako cikin rundunar waɗanda aikinsu ke nan, da yawansu ko bindiga ba su riƙe ba. Ba a cika tunawa da waɗannan ba, alhali in ba su babu yaƙin. Bataliya uku ta Nijeriya kuma aka ware ta shiga cikin mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan abokan gaba. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Wanda ya taɓa zuwa Zariya ya ga barikin Chindit, ko ya ga Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, to, sunayen nan duka daga wannan yaƙi suka fito. Muna wucewa ta gabansu kullum ba mu tambaya.

Baba Saje ba ya ba da labarin faɗa. In yara sun matsa masa sai ya ba su labarin matsattsaku, yadda suke shiga takalmi su sha jini, ko labarin gorar da ta fi itacen giginya tsawo, ko yadda ya ga giwa tana aiki kamar jaki. Iyakarsa ke nan. Saboda haka domin mu san abin da irinsu suka gani dole mu nemi wanda ya rubuta nasa. Akwai kuwa wani, Isaac Fadoyebo, Bayarabe mai bi daga Emure-Ile kusa da Owo. An haife shi a 1925, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya a runduna ta 81.

A ranar 2 ga Maris 1944 da safe, ƙungiyarsu tana bakin kogin Kaladan, sojojin Japan suka buɗe musu wuta daga ƙetare. Ma'aikatan asibiti ne, ba mayaƙa ba. Aka kashe da yawa. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙafa, ya kwanta cikin gawawwaki. Japanawa suka zo suka dube shi, suka ga ba shi da sauran amfani, suka bar shi ya mutu da kansa. Bai mutu ba. Akwai wani da ya tsira da rauni, David Kargbo, mutumin Saliyo. Su biyu suka yi makonni a ɓoye cikin daji, ba magani, ga ruwan sama, ga ƙuda a kan miki. Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne matalauta, daga mutanen da yanzu duniya ta sani da sunan Rohingya. Su suka riƙa kawo musu 'yar shinkafa da ruwa. Daga baya wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai su cikin gidansa ya ɓoye. Da Japanawa sun gane, da shi da matarsa da 'ya'yansa duka za a kashe. Ya san haka sarai. Wajen wata tara suka yi a ɓoye kafin sojojin Ingila su sake kama yankin a watan Disamba na 1944, a fito da su. A gida kuwa an riga an gaya wa iyayen Isaac cewa ɗansu ya ɓace a yaƙi.

Akwai wani gefe na labarin nan da ba za mu ɓoye ba. Sa'ad da mutanen ƙauyen suka fara zuwa, Isaac da David sun nuna musu kamar su ma Musulmi ne, don su sami tausayi. Mun taɓa tattauna wannan a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, aka yi gardama mai zafi. Wani saurayi ya ce wannan musun Ubangiji ne, babu wani suna da za a ba shi. Gaskiyarsa, ba za mu ce daidai ba ne. Amma wata tsohuwa ta tambaye shi ko ya taɓa kwana uku bai ci ba, da ƙashi a karye. Ta kuma tuna mana da Bitrus, wanda ya yi musu sau uku a gaban wata baranya, ba bindiga a kansa, duk da haka Ubangiji ya neme shi a bakin teku ya sake ba shi aiki. Mu dai abin da muka gani shi ne, Isaac bai ɓoye wannan abu ba, ya kuma yi sauran ransa yana shaida cewa Allah ne ya cece shi, ta hannun wani Musulmi. Ya koma Legas da ɗingishi, ya yi aikin gwamnati, ya yi aure ya goyi 'ya'ya. Bashin godiyar nan ya dame shi fiye da shekara 60. A 2011 wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, ya ɗauki wasiƙarsa ya tafi Bama, ya nemo ƙauyen, ya tarar Shuyiman ya rasu amma 'ya'yansa suna nan, suna kuma tune da baƙin nan biyu. Ya karanta musu wasiƙar, suka yi kuka. Isaac ya rasu a watan Nuwamba na 2012, bayan ya ji cewa saƙonsa ya isa.

Wannan ya tuna mana da wani tsohon labari na ikkilisiyar Afirka. Wajen shekara ta 313 aka kama wani saurayi a ƙasar Masar mai suna Bakomiyos, aka sa shi soja dole, aka kulle shi da 'yan'uwansa a wani gari a bakin kogin Nilu. Waɗansu mutane da bai sani ba suka kawo musu abinci. Ya tambaya su wane ne, aka ce masa Kirista ne, haka suke yi wa kowane baƙo. Da aka sallame shi sai ya nemi baftisma, ya zama ɗaya daga cikin manyan iyayen ikkilisiyar Masar. A can masu bi ne suka ciyar da soja. A Bama kuwa sojan ne mai bi, aka ciyar da shi.

Japan ta ba da gari a watan Agusta na 1945, amma jiragen ruwa sun yi kaɗan, sojojinmu da yawa sai a 1946 suka ga gida. An yi musu alkawarai a bakin daga. Abin da suka tarar bai kai ba. Takardun da aka tono a Ingila a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar sojan Afirka bai kai rabin na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. Aikin da aka ce yana jiransu, kaɗan ne suka samu: ɗan doka, masinja, mai gadi. Waɗansu kuɗin ya ƙare a gidan giya cikin wata biyu. Waɗansu sun komo da ciwon da ba a gani, suna firgita da dare, suna faɗa ba dalili, mutane suna cewa Bama ta taɓa su. Kada mu yi kamar dukansu sun zama dattawan kirki. Waɗanda muke tunawa da su yau su ne waɗanda suka tsaya, ba kuwa da sauƙi suka tsaya ba.

Me ya kawo irin su Baba Saje Potiskum? Hanya ce. Tun 1924 aka mai da mazaunin Sarkin Fika zuwa Potiskum, garin ya zama wurin mulki da kasuwa. Nan hanyar Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Jos da Bauci, su wuce Damaturu zuwa Maiduguri. Wata kuma ta yi arewa zuwa Gashuwa da Nguru, inda jirgin ƙasa ya tsaya tun 1930. Jirgi bai isa Maiduguri ba sai 1964, ko da ya isa ma ta Gombe ya bi. Saboda haka shekaru da yawa gyaɗar Borno, da fatu, da ƙaro, da busasshen kifin tafkin Cadi, a bayan manyan motoci suke fita, yawancinsu kuwa sai sun ratsa Potiskum. Wanda ya iya tuƙi ya iya gyara, ba zai kwana da yunwa a garin nan ba. Har yau in ana maganar manyan motoci da kasuwar shanu a arewa, dole a ambaci Potiskum.

Baba Saje ya fara da tuƙa motar wani. Hanya a lokacin ba kwalta, da damina akan rufe ta in an yi ruwa, mota ta kwana biyu a shinge tana jiran ƙasa ta sha iska. Ya yi shekaru yana tara kuɗi a asusun gidan waya, har ya haɗa hannu da wani abokinsa suka sayi tsohuwar mota tasu. Abokin nan Musulmi ne, tare suka je Bama, daga baya ya je Makka, kowa na ce masa Alhaji. Ba su taɓa rubuta takarda a tsakaninsu ba. Ranar Juma'a Saje ne a tasha, ranar Lahadi Alhaji ne. In Saje ne a kan sitiyari lokacin salla ya yi, zai nemi inuwa ya tsaya, fasinja su sauka su yi salla, shi kuma ya buɗe bonet ya duba ruwa da mai. Motarsa ba ta tashi ranar Lahadi ko nawa za a biya. 'Yan kamasho sun yi masa ba'a a kan haka, suka ce Saje yana wasa da arziki. Bai yi arziki irin na masu tireloli ba kam. Da aka juya hannun tuƙi a 1972, aka koma bin dama, sai ya ce idonsa da hannunsa sun tsufa da koyon sabon abu. Ya sauka daga mota ya buɗe rumfar hatsi.

A rumfar nan ne muka san shi sosai. Mudunsa ɗaya ne, wanda yake saye da shi, da shi yake sayarwa. Wanda ya san kasuwar hatsi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama akwai masu mudu biyu, na saye mai faɗin ciki, na sayarwa kuma an bubbuge gindinsa. Lokacin farin 1973 zuwa 1974, da hatsi ya yi tsada mutane suna ɓoyewa suna jiran ya ƙara hawa, shi ya buɗe sitonsa ya sayar, ya kuma ba da bashi ga matan da mazansu suka tafi cin rani. Yana da wani littafi da yake rubuta bashi a ciki da fensir. Matarsa ta gaya wa zumuntar mata cewa kowace shekara kafin Kirsimati yakan zauna da littafin da abin gogewa. Ba ta san sunayen da yake gogewa ba, bai kuwa taɓa faɗa mata ba.

A gida soja ne, wannan kam babu ɓoyewa. Kafin gari ya waye ya ta da kowa, a yi waƙa, a karanta sura guda, a yi addu'a, sa'an nan kowa ya kama aikinsa. Yaro bai isa ya yi gyangyaɗi ba. Ya sa 'ya'yansa mata a makaranta daidai da maza, a lokacin da maƙwabta suke ganin wannan ɓarnar kuɗi ce. Gidansa bai taɓa rabuwa da baƙi ba: ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki da suke kan hanya, masu bishara daga ƙauyukan wajen Kukar Gadu da Gadaka da suka kawo mara lafiya asibiti, direban da motarsa ta lalace. Amma hannunsa yana da nauyi. Bulalar da aka yi masa a bariki ita ya kawo gida, babban ɗansa kuwa ya sha ta fiye da kima, har ya bar gida ya yi shekaru bai taka Potiskum ba. Wannan ya ci Baba Saje a rai. Da tsufansa, a wani taron maza, ya miƙe ya ce ya iya ba da umarni amma bai iya ba da haƙuri ba, a yi masa addu'a. Bayan haka ya shiga mota ya bi ɗan har inda yake. Abin da suka faɗa wa juna nasu ne. Mun dai ga ɗan ya dawo da matarsa da yara a Kirsimatin shekarar.

Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masu bi, ko mai bin Yesu ya iya zama soja. Ba sabuwa ba ce. A shekara ta 295 an kashe wani saurayi mai suna Makismiliyan a ƙasar da yanzu take Aljeriya domin ya ƙi shiga soja saboda bangaskiyarsa. A nan kusa da mu ma, mishan ɗin da ya fara aiki a Garkida a 1923, wanda ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga ikkilisiyar da ba ta yarda da yaƙi ba sam ya fito. Muna girmama wannan koyarwa. A ɗaya gefen kuma, sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambaya me za su yi, a Luka sura 3, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. A Luka sura 7 ga shugaban soja na Kafarnahum, wanda ya damu da bawansa mara lafiya, wanda Yesu ya yaba wa bangaskiyarsa. Sai kuma Karniliyas na Kaisariya a Ayyukan Manzanni sura 10, shugaban soja ɗari, mai tsoron Allah shi da dukan gidansa, mai yawan sadaka da addu'a. Ku lura da abin da ya yi da ya ji Bitrus yana zuwa daga Yafa. Ya tara danginsa da aminansa, domin kada ya ji maganar shi kaɗai. Ta ƙofar gidan sojan nan bishara ta shiga wurin al'ummai.

An taɓa yi wa Baba Saje wannan tambaya a gabanmu. Wani ɗalibi ne ya yi ta, da ɗan zafin kai irin na masu sabon ilimi. Ya ce, Baba, da hannunka ka kashe mutum? Wuri ya yi tsit. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, ɗana, ni direba ne, amma abin da na ɗauka a motata ba alewa ba ce. Bai ƙara ba. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, gwamnati ta kira tsofaffin sojoji su komo, da yawa daga cikin 'yan Bama suka sake sa kaki, su suka horar da sababbin da aka ɗiba da gaggawa. Shi bai je ba. Ya ce wanda ya gani ya ishe shi. Amma kafin wannan, a tarzomar 1966, sa'ad da ake farautar mutanen gabas a garuruwan arewa, shi da Alhaji sun ɗauki waɗansu iyalai a motarsu cikin dare, suka rufe su da tamfol kamar kaya, suka fitar da su. Daga bakin Alhaji muka ji wannan, a ranar jana'izar Saje. Shi bai taɓa faɗa ba.

Ya rasu da tsufa, a kan gadonsa, kafin masifar da ta zo wa garin. Wani lokaci mukan ce Allah ya ji tausayinsa da bai gani ba. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu ta Potiskum, suka kashe fiye da mutum 30, suka ƙone dabbobi. A daren jajiberen Kirsimati na shekarar aka shiga wata majami'a a ƙauyen Peri kusa da garin, aka kashe mutum shida har da fasto. A ranar 10 ga Nuwamba 2014 wani ya ta da bam a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, yara fiye da 40 suka mutu, mako guda bayan an kai wa jerin gwanon 'yan Shi'a hari a garin. A watan Yuli na 2015 aka sake ta da bam a wata majami'a ana cikin sujada. Musulmi sun mutu, Kirista sun mutu. Iyalai da yawa na masu bi suka kwashe suka koma Jos, da Gombe, da Bauci, da Abuja. Waɗansu sun dawo da ƙura ta lafa, waɗansu har yau ba su dawo ba.

A irin wannan gudu ba a ɗaukar takardu. Abin da ya sa muka ga wajibi ne mu yi wannan magana ke nan. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da 'yan mazan jiya, amma ba a kiran sunan direba ko ɗan dako. Littattafan tarihin ikkilisiyoyinmu kuma sun cika da sunayen Turawan mishan da na fastoci na fari, wannan daidai ne, sai dai ba su cika faɗin wanda ya kawo kwanon rufi a motarsa kyauta ba, ko wanda aka fara sujada a zaurensa kafin a sami fili. A garuruwan da ke kan hanya, sau da yawa tsohon soja ne, ko ɗan doka, ko ma'aikacin asibiti. Wanda duk ya je Bama yana ɗan shekara 18, da yana da rai yau da ya kai shekara ɗari ko kusa. Waɗanda suka ji daga bakinsu ma sun fara tafiya. Muna roƙon kowace ikkilisiya da ke jin mu, a sa matasa biyu su zauna da tsofaffin mata da dattawa, su rubuta sunayen waɗannan mutane, da garin da suka fito, da aikin da suka yi, a ajiye a ofishin ikkilisiya, a kuma aika da kwafi wani gari dabam.

Iyalin Baba Saje suna cikin waɗanda suka bar garin a 2012. Da za su tafi suka kulle gidan, suka kai mabuɗin gidan Alhaji, wanda shi ma ya riga ya rasu, suka ba babban ɗansa. Ya sa ƙaninsa ya riƙa kwana a zauren don kada a ce gidan ba kowa. Bayan shekara huɗu jikar Saje ta zo duba gidan. Gara ta ci ƙofofi biyu, rufin ɗakin girki ya faɗa. Ɗan Alhaji ya shiga cikin gidansu ya fito mata da wani akwatin ƙarfe, ya ce tun makon farko ya ɗauke shi daga ƙarƙashin gado, don ya san abin Baba ne. A ciki akwai takardar sallamarsa daga soja, da lambar yaƙin Bama mai siffar tauraro, da lasin tuƙi, da littafin bashin nan, da Littafi Mai Tsarki bugun 1932 wanda bangonsa ya rabu aka ɗinke da zaren buhu. Akwatin yana Jos yanzu, a wurin babban ɗan.